Yadda baƙo zai bi da gajerun ranakun hunturu a ƙasashen arewacin duniya

Duk wanda zai tafi karatu ko aiki Ingila, Kanada ko Jamus, gargaɗin da ake yi masa tun daga gida na sanyi ne, shi ya sa akwatinsa kan cika da suwaita da safa. Sanyin gaskiya ne, amma kuɗi na maganinsa cikin yini guda. Abin da ya fi kayar da baƙo shi ne duhu, kuma ba kasafai ake faɗa masa ba. A Kano, yinin da ya fi gajarta a shekara yana da hasken rana na kusan sa'a goma sha ɗaya da rabi, wanda ya fi tsawo kuma bai kai sa'a goma sha uku ba, saboda haka mutumin da ya tashi a can bai taɓa ganin rana ta saɓa masa alkawari ba. A Landan kuwa, ranar 21 ga Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 8:04 na safe, ta faɗi wajen 3:53 na yamma, wato haske na sa'a bakwai da minti 49. A Edinbara bai cika sa'a bakwai ba, a Stockholm kusan shida ne, a Toronto kusan tara. A garin Tromso na arewacin Norwe, rana ba ta leƙowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Dalilin duk wannan shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi, don haka a watannin nan arewacinta yana juya wa rana baya, kuma gwargwadon nisan gari zuwa arewa, gwargwadon gajartar yininsa.

Matakan da ke tafe an jera su ne bisa abin da ya kamata a fara da shi.

Mataki na farko: a san jadawalin gari tun kafin Oktoba ta ƙare

Tun a watan Satumba mutum ya duba lokutan fitowa da faɗuwar rana na garin da yake zaune, daga Oktoba har Maris, ya rubuta na farkon kowane wata a inda zai riƙa gani. Manhajar yanayi ta waya tana nuna su, haka ma jadawalin sallah na masallacin unguwa. Amfanin wannan shi ne duhu ya same shi a shirye.

Sai kuma a kula da ranar da ake mayar da agogo baya da sa'a guda. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ana yin haka ne ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a galibin Amurka da Kanada kuwa Lahadin farko ta Nuwamba. Mutumin Landan da ya ga rana ta faɗi wajen shida saura kwata ranar Asabar, washegari zai ga ta faɗi biyar saura kwata, kuma wannan makon ne yawancin baƙi ke fara jin abin a jikinsu. Nijeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu, saboda haka daga wannan rana Kano da Damagaram suna gaban Landan da sa'a ɗaya, alhali sun yi daidai da Jamus. Wanda ya saba kiran gida bayan isha'i sai ya gyara lissafinsa don kada ya riƙa tayar da iyaye daga barci.

Mataki na biyu: a fita a nemi haske kullum, musamman kafin azahar

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma shi ne matakin da aka fi yi wa sakaci saboda yana da arha har ana raina shi. A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani agogo da hasken da ke shiga ido yake saitawa kowace safiya. Idan duhu ya yi, jiki yana fitar da sinadarin melatonin mai kawo barci, idan haske mai ƙarfi ya bugi ido da safe kuma sai ya dakatar da shi. Wanda ya fita cikin duhu ya shiga jirgin ƙasa, ya yini a ofis ko ɗakin karatu, ya dawo cikin duhu, agogon jikinsa ba ya samun saiti, sai ya riƙa jin barci da rana, idonsa ya bushe da dare.

Mutane da yawa suna zaton fitilar ɗaki ta wadatar, alhali ba ta kusa ba. Ana auna ƙarfin haske da ma'aunin da ake kira lux. Falon gida mai fitila a kunne yakan ba da 100 zuwa 300, ofis mai haske sosai wajen 500, amma a waje, ko da hadari ya rufe sama ruf, ana samun 1,000 ko fiye, ranar da gari ya washe kuwa dubbai masu yawa ne. Ido yana ruɗar mutum a nan domin yana sabawa da kowane irin haske, sai ya ga kamar babu bambanci tsakanin ɗakinsa da sararin sama mai toka-toka.

Abin yi shi ne mutum ya keɓe minti ashirin zuwa talatin a waje kowace rana, ya riƙe su kamar yadda yake riƙe lokacin shiga aji. Idan ana iya yi da hantsi ya fi, idan ba hali, hutun cin abincin rana ya isa. Ɗalibi na iya sauka daga bas tasha biyu kafin makaranta ya ƙarasa da ƙafa. Mai aiki daga gida ya jawo teburinsa bakin taga, ya yaye labule da zarar gari ya waye, kada ya bar shi a sauke don kunyar maƙwabta, akwai labule shara-shara da ke tsare ido ba ya tsare haske. Ranar da rana ta fito sarai, a ajiye duk abin da za a iya ɗagawa a fita, kamar yadda ake ajiye komai a tari ruwa ranar da famfo ya kawo, domin ba a san ranar da zai sake zuwa ba. Wanki da cefanen babban kanti za su iya jira har duhu ya yi.

Masu aikin dare, kuma 'yan uwanmu da yawa suna gidajen kula da tsofaffi, asibitoci da manyan ɗakunan ajiyar kaya, su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin mutum kan tashi aiki ƙarfe bakwai ko takwas na safe, ya kwanta, ya farka bayan magariba, mako guda bai ga rana ba. Irin wannan ma'aikaci ya yi ƙoƙarin farkawa wajen ƙarfe biyu na rana ya fita kafin haske ya tafi, sannan ya ƙara ɗan barci kafin ya koma aiki idan yana bukata. A ranakun hutunsa kuma kada ya kwana ya yini a gado da sunan ramuwa.

Akwai kuma fitila ta musamman da ake sayarwa don wannan matsala, wadda ke ba da lux 10,000. Ana ajiye ta a kan tebur da sassafe, mutum ya zauna gabanta kamar rabin sa'a yana karin kumallo ko karatu, hasken yana shiga idonsa ta gefe ba tare da ya ƙura mata ido ba, a tazarar da kamfanin ya rubuta a takardarta. A tabbatar irin wadda ke tace haske mai ƙona fata ce, kuma kada a kunna ta da dare domin za ta kori barci. Mai ciwon ido, mai shan maganin da ke sa jiki gudun haske, da wanda ke da larurar ƙwaƙwalwa mai sa mutum hawa da sauka tsakanin zumuɗi da ƙunci, duk su tambayi likita kafin su saya. Tana taimakon mutane da yawa, amma ba ta maye gurbin fita waje.

Mataki na uku: a bar agogo ya yi aikin da rana take yi a gida

A gida rana ce ke tsara yini. Hantsi, tsakar rana, la'asar sakaliya da almuru duk sunayen lokaci ne da aka ɗauko daga matsayin rana, kuma kowa ya san bayan magariba yini ya ƙare. Wanda ya ɗauki wannan ɗabi'a ya kai ta Glasgow zai rufe yininsa ƙarfe huɗu, ya ci abinci, barci ya kwashe shi ƙarfe shida, ya farka tsakar dare ya rasa abin yi sai waya. Makonni biyu a haka sun isa su hargitsa karatu da aiki.

Maganin shi ne a tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har Asabar da Lahadi, a tsayar da lokacin cin abinci uku, a kuma tsayar da lokacin kwanciya. Da an tashi a kunna fitilun ɗaki duka. Da duhu ya fara da yamma a sake kunna su, a ci gaba da harka kamar rana na nan, sai kimanin sa'a biyu kafin kwanciya a rage su, a ajiye waya nesa da gado. Barcin rana, idan ya zama dole, kada ya wuce rabin sa'a, kuma a yi shi kafin ƙarfe biyu. Shayi mai ƙarfi da kofi a dakatar da su bayan la'asar. Wannan yana da wuya ga wanda ya saba da shayin dare a majalisa, amma ruwan citta da kanumfari da zuma ba tare da ganyen shayi ba yana ɗumama jiki kuma ba ya hana barci.

Mataki na huɗu: a sha bitamin D

Fata ce ke haɗa bitamin D idan hasken rana mai ƙarfi ya taɓa ta, kuma a Birtaniya daga Oktoba zuwa farkon Maris rana ba ta da ƙarfin da za ta yi wannan aiki ko da mutum ya yini a waje. Gilashin taga ma yana tare irin hasken da ake bukata. Baƙar fata tana ɗaukar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa adadin da ya isa, abin da ba matsala ba ne a Sakkwato amma matsala ce a Manchester. Ƙarancinsa yana raunana ƙashi da tsoka, yana kawo ciwon jiki da gajiya, ga yara kuma yana iya lanƙwasa ƙafafu.

Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana shawartar kowa ya sha maikirogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, wanda a jikin kwalba akan rubuta shi 400 IU. Ga masu baƙar fata da masu suturce yawancin jikinsu idan za su fita, kamar matan da ke sa hijabi, shawarar ita ce su sha duk shekara. Babba kada ya wuce maikirogiram 100 a rana sai da umarnin likita, domin yawansa yana tara sinadarin kalsiyam a jini har ya cutar da ƙoda. Jarirai masu shan nono da ƙananan yara suna da nasu na ɗigawa, a tambayi ma'aikaciyar lafiya ko mai kantin magani. Ana sayar da shi da arha ba tare da takardar likita ba. Wanda ke gudun kwanson da aka yi da jelatin sai ya ɗauki ƙwaya busasshiya, ko na ɗigawa, ko wanda aka rubuta na masu cin ganye ne zalla. A abinci kuwa ana samunsa a kifi mai maiƙo irin su sadin da salmon, da gwaiduwar ƙwai da hanta. A Kanada doka ta sa ana ƙara shi a madarar shanu, a Birtaniya galibi ba a ƙarawa.

Mataki na biyar: sutura da fata

Ba za a iya cika mataki na biyu ba idan fita azaba ce. Riguna uku marasa nauyi sun fi ƙatuwar riga ɗaya: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, domin auduga tana riƙe gumi ta yi sanyi, sai suwaita ta ulu, sai jaket mai tare iska da ruwa. A haɗa da hular da ke rufe kunne, safar hannu, abin naɗe wuya, da takalmi mai kaurin ƙasa da ba ya santsi. Shagunan kayan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna da waɗannan da rahusa. Tunda tafiya makaranta da dawowa duk cikin duhu ne, yara da masu keke su sa wani abu mai ƙyalli da fitilar mota ke haskawa. Da sassafe a taka a hankali, akwai ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan kwalta ba a ganinta.

Batun fata kuwa ba sabon abu ba ne ga wanda ya san hunturun gida. Iskar hita tana busar da jiki kamar iskar Disamba a Katsina, saboda haka man kaɗanya da basilin suna nan da amfaninsu ga kaushi, faso da tsagewar leɓe. A shafa da an fito wanka tun jiki da danshi.

Mataki na shida: a gyara ɗaki, a kuma kiyayi garwashi

Hukumomin lafiya a Birtaniya suna cewa ɗakin da ake zama kada ɗuminsa ya gaza digiri 18, musamman inda akwai tsoho, jariri ko mara lafiya. Kuɗin gas da lantarki yana da yawa, don haka a saita hita ta kama kafin a tashi da kuma kafin a dawo, a rufe ƙofofin ɗakunan da ba a amfani da su, a toshe ƙasan ƙofa inda iska ke shigowa. Sai dai rufe gida ruf yana da nasa sharrin. Tururin girki, wanka da shanyar tufafi a cikin ɗaki yana taruwa a jikin taga da bango, ya haifar da baƙar fumfuna mai tayar da asma. A buɗe taga minti goma kowace safiya, a goge ruwan da ya kwanta a gilashi, idan fumfuna ta bayyana kuma a sanar da mai gida a rubuce.

Gargaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne kada a taɓa hura gawayi a cikin gida, ko don jin ɗumi, ko don gashi, ko don turaren wuta. Gidajen can a toshe suke ta kowace kusurwa, ba kamar ɗakin da ke buɗe ga tsakar gida ba. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, ta kashe shi yana barci. Haka nan kada a kunna murhun gas ko a buɗe tanda don ɗumama kicin. Kowane gida ya kasance da na'urar da ke ƙara idan wannan iska ta taru, ban da ta hayaƙi, a kuma gwada batirinta. Uwargida mai son ƙamshi ta nemi kaskon turare na lantarki.

Bayan tsaro sai jin daɗi. Fitila ɗaya fara fat a tsakiyar silin tana sa ɗaki ya zama kamar ɗakin jira na asibiti. Ƙananan fitilu biyu ko uku masu haske ruwan ɗorawa a kusurwoyi, da darduma mai laushi da bargo a kan kujera, suna mayar da shi wurin da mutum zai yi marmarin dawowa.

Mataki na bakwai: a sake tsara ibada

Ga Musulmi, hunturu yana matse sallolin rana wuri ɗaya. A Landan a ƙarshen Disamba azahar tana shiga wajen ƙarfe goma sha biyu, la'asar bayan ɗaya da rabi kaɗan, magariba kafin huɗu, wato salloli uku cikin sa'a huɗu, duk a tsakiyar lokacin aiki ko darasi. Wanda bai shirya ba zai riƙa tara su sai dare. A nemi ɗakin ibada na jami'a ko wurin aiki tun makon farko, a yi magana da shugaban sashe a raba hutun rana gida biyu, a kuma fita daga gida da alwala. Shafa a kan huffi sauƙi ne da shari'a ta bayar wanda a gida ba a cika bukatarsa ba. Mazhabobi sun bambanta a kan sharuɗɗansa da kuma hukuncin safa ta yadi, don haka a tambayi malami kafin a fara.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai riba babba. Alfijir ba ya ketowa sai bayan ƙarfe shida, ana shan ruwa kafin huɗu, azumi bai kai sa'a goma ba, babu ƙishi babu zafi, alhali a watan Yuni a wannan gari yakan haura sa'a goma sha takwas. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ya kira azumin hunturu ganima mai sanyi. Mai bashin azumi, musamman mata, wannan ne lokacin biya, haka mai son Litinin da Alhamis. Ramadan kansa yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yanzu yana shiga cikin hunturu, kuma ana sa ran a 2030 zai kama sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Tsayuwar dare ma tana sauƙi, tunda mutum zai yi barcinsa cikakke ya tashi ƙarfe biyar da saura fiye da sa'a guda kafin asuba. Ga Kirista kuwa, mafi duhun makonnin sun zo daidai da shirye-shiryen Kirsimeti, lokacin da majami'u ke cika da taruka da waƙoƙi, kuma babu lokacin da ya fi shi sauƙin shiga cikin jama'a.

Mataki na takwas: a cika dogon dare da abin da ake ɗoki

Daga ƙarfe huɗu zuwa goma sa'a shida ce, kuma wanda bai tanadar mata komai ba waya ce za ta cinye ta. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Kari Leibowitz, ta zauna a Tromso tana nazarin yadda mutanen garin ke kallon hunturu, ta gano cewa waɗanda ke ɗaukarsa lokaci mai nasa abubuwan daɗi sun fi samun natsuwa da gamsuwa. Wannan ba ya nufin mutum ya yaudari kansa. Ma'anarsa a aikace ita ce a keɓe wa hunturu wasu abubuwa da ba a yi sai a cikinsa, yadda zuwansa zai zo da abin marmari.

Na farkonsu zumunci ne. A gida ba a shirya haɗuwa da mutane, ƙofar gida ma majalisa ce. A can kuwa idan ba a sa rana ba, wata guda zai wuce ba a ga kowa ba. Gida uku ko huɗu su yanke dare ɗaya a mako, su riƙa karɓa-karɓa, kowa ya zo da abin da ya dafa. Abincinmu na sanyi ya dace da wurin sosai: kunun gyaɗa, kunun tsamiya, farfesu mai yaji, tuwo da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Shagunan 'yan Afirka, irin waɗanda suka cika Peckham a kudancin Landan, suna da yawancin kayan haɗin. Kuka, daddawa da yaji an fi samun masu kyau daga gida, amma a sani dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Nijeriya shigowa da nama da kayan madara, saboda haka kilishi ba ya cikin tsaraba. A lura kuma da cewa duhu yana sa kwaɗayin zaƙi da fulawa, kada biskit ya zama abincin dare.

Na biyu motsa jiki. Wuraren wasanni na unguwa suna da ƙwallon cikin ɗaki da iyo, wasu ma da sa'o'in mata zalla. A garuruwan Birtaniya da yawa ana yin gudun kilomita biyar kyauta a lambunan shaƙatawa kowace Asabar da safe, wanda ake kira parkrun, kuma mai tafiya da ƙafa ma ana maraba da shi. Wannan ya haɗa haske, motsi da mutane a sa'a guda.

Na uku shi ne a leƙa abin da masu garin ke yi, domin sun daɗe da duhun nan kuma sun san dabarunsa. Manyan gidajen tarihi na gwamnati a Landan kyauta ake shiga, ɗakunan karatu na unguwa suna da ɗumi kuma ba a biya. Garuruwan Jamus suna kafa kasuwannin Kirsimeti a dandali, ta Nuremberg tana cikin waɗanda suka fi suna. A Ottawa, idan sanyi ya kai, mashigin ruwan Rideau yana daskarewa mutane su yi ta sulu a kansa na kusan kilomita takwas. Mutanen Finlan suna da ɗakin gumi na sauna. Wanda ke arewacin Sikotilan, Kanada ko Norwe yana iya dacewa da hasken nan mai launin kore da ke rawa a sama cikin dare, abin da ba a gani sai da duhu. Yara kuwa a bar su su yi wasa da dusar ƙanƙara idan an suturce su, kulle su a ɗaki wata huɗu ya fi cutar da su. Sauran dararen a ba su wani aiki guda mai tsawo, kamar hadda, ɗinki, saƙa, koyon harshen ƙasar ko rubutun digiri.

Mataki na tara: a gane lokacin da abin ya wuce kasala

Ɗan nauyin jiki a Disamba kusan kowa yana ji. Amma akwai ciwon damuwa na gaske da ke zuwa da hunturu ya tafi da bazara, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da SAD. Wanda ya fara bayyana shi a rubuce tare da abokan aikinsa a 1984, Norman Rosenthal, likita ne da ya tashi a Afirka ta Kudu ya koma Amurka, ya ji sauyin a jikinsa. Alamominsa sun haɗa da ƙunci da ba ya yayewa, rashin jin daɗin abin da aka saba so, yawan barci ba tare da wartsakewa ba, yawan ci da ƙiba, gudun mutane, kasa tattara hankali, da jin cewa mutum ba shi da amfani. Idan waɗannan suka kai mako biyu suna hana karatu, aiki ko kula da iyali, a je wurin likita.

A cikinmu akwai masu ɗaukar irin wannan a matsayin raunin imani ko raki, wasu kuma su tafi kai tsaye ga zargin sammu ko iska. Addu'a tana da muhallinta, amma ba ta hana ganin likita, kamar yadda ba ta hana shi ga mai hawan jini. Likita zai iya auna jini ya duba bitamin D, ƙarancin jini da aikin ƙwayar maƙoshi da ake kira thyroid, domin su ma suna kawo irin wannan gajiya, sannan ya ba da shawarar zaman tattaunawa da ƙwararre, ko fitilar da aka ambata, ko magani. Shi ya sa ya kamata a yi rajista da asibitin unguwa tun zuwa, a kuma karɓi allurar mura a kaka idan an cancanta. Jami'o'i suna da ofishin kula da walwalar ɗalibai kyauta. Wanda tunanin hallaka kansa ya zo masa kada ya jira wayewar gari: a Birtaniya a kira 999 idan rai na cikin haɗari, ko layin NHS na 111, ko ƙungiyar Samaritans mai sauraron masu damuwa a 116 123, a Amurka da Kanada kuwa 988. A riƙa kuma leƙa sabon zuwa da matar da ke gida da jariri ita kaɗai, domin su ne ba sa fita kuma ba sa faɗa.

Bayan tsakiyar hunturu

Yini ba ya fara tsawo ta ɓangarorin biyu lokaci ɗaya. A Landan faɗuwar rana mafi wuri tana zuwa ne wajen 12 ga Disamba, daga nan yamma ta fara buɗewa kaɗan-kaɗan, amma safiya tana ci gaba da makara har ƙarshen wata, shi ya sa makon farko na Janairu yake da wuyar tashi. Zuwa ƙarshen Janairu rana tana kaiwa biyar saura kwata, ƙarshen Fabrairu kuma shida saura minti ashirin. Sai dai Janairu da Fabrairu su ne suka fi sanyi, kuma a lokacin ne aka kwashe fitilun biki, aljihu ya yi sauƙi, jarrabawa ta matso. Saboda haka mai shirin ziyarar gida ko wata tafiya ya ajiye ta ga waɗannan watanni idan hutu ya ba shi dama. Fitar rana da zaman mako-mako a ci gaba da su har a tura agogo gaba, Lahadin ƙarshe ta Maris a Turai, Lahadi ta biyu ta Maris a Amurka da Kanada. Kayan sanyin baɗi kuma a saye su a ragin farashin ƙarshen hunturu, lokacin da shaguna ke neman rabuwa da su.